Tsohon rok da sabo: a hannun wa jita take yanzu?

Kawun Faifai:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau zan amayar da ita, na kuma san yaran nan za su taso mini. A ganina kiɗan rok na gaskiya, wanda mutum uku ko huɗu za su shiga ɗaki da jita da ganguna su fito da abin da zai tayar maka da tsikar jiki, ya yi zamaninsa ne tsakanin 1967 da 1980. A 1967 Jimi Hendrix ya fitar da Are You Experienced. A 1980 John Bonham, makaɗin gangunan Led Zeppelin, ya mutu, sauran ukun suka ce ba za su ɗora wani a kujerarsa ba, suka watse. Duk abin da nake ji da shi yana tsakanin waɗannan shekaru: Abraxas na Santana a 1970, faifan Led Zeppelin na huɗu a 1971, The Dark Side of the Moon na Pink Floyd a 1973.

Wannan na ƙarshen shi ne hujjata. Da bugun zuciya yake farawa, da shi yake ƙarewa, waƙa na shiga cikin waƙa ba tare da ka ji ɗinkin ba. Sai ka goge faifan da ƙyalle mai laushi, ka ɗora allura a hankali, ka zauna. In gefe ɗaya ya ƙare ka tashi ka juya. An gina shi ne don a saurara daga farko har ƙarshe. To ku ambata mini albam ɗaya tak da ya fito cikin shekaru ashirin ɗin nan wanda zai iya zama kusa da shi.

Baƙon Kumasi:
Wa alaikumus salam Kawu. Da girmanka, amma ka rufe ƙofa da wuri. Ina ka ajiye Nevermind na Nirvana? Ina ka ajiye Hybrid Theory na Linkin Park? Mu nan Zango da wannan muka san rok, a shagunan intanet ake kwafa mana shi. Kuma ba su mutu ba, bayan rashin mawaƙinsu Chester Bennington a 2017 sun dawo da From Zero a 2024, mace ce ma ke jan waƙa yanzu.

Kawun Faifai:
Ɗana, shekaru ashirin na ce. Nevermind na 1991 ne, ya haura talatin, Hybrid Theory kuma na 2000. Nirvana na ba su nasu, mutum uku ne kuma kana jin gumin kowannensu. Linkin Park kuwa kwamfuta ta yi yawa a ciki. Ban ce ba su iya ba, amma in aka ɗauke wuta aka ba su jita ta katako, me zai rage?

Baƙon Kumasi:
Muryar Chester za ta rage, Kawu, kuma ita kaɗai ta isa. Amma na ji ka kan lissafin shekaru.

Ɗan Abzin:
Kawu, ranka ya daɗe, Ingila da Amurka kake kallo, shi ya sa ba ka gani ba. Juyo ka dubi arewacin Tawa. Ga amsarka: Afrique Victime na Mdou Moctar, 2021. Ka fara da waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta, ta haura minti bakwai. A hankali take tashi, sai ganga ta fara ƙara sauri, ta ƙara, ta ƙara, har ka rasa inda ƙafarka za ta taka, jita kuma tana kuka a sama. Mutum huɗu ne kamar yadda ka ce: shi, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, mai jitar bes. Bahago ne ma kamar Hendrix ɗinka.

Kuma abin da kake kewa, mu nan Agadas ba mu taɓa rasa shi ba. Ina aikin kai kayan sauti wajen biki, don haka da idona nake magana. Bayan isha'i ake shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da injin wuta can nesa don kada ƙararsa ta shiga kiɗa, a jingina amsa-kuwwa biyu kan kujeru. Makaɗa ba su da dandamali, a ƙasa suke tsaye tare da kowa. Samari da rawunansu su yi layi, 'yan mata su yi nasu, ana fita biyu-biyu ko huɗu-huɗu a tsakiya. Ƙura na tashi cikin hasken fitilun babura. In tsirkiya ta tsinke, mai jita ta biyu ya riƙe kiɗan, na farkon ya tsuguna ya ɗaura wata, ba a tsayawa. Babu kwamfuta, babu gyara. In ka yi kuskure gari duka ya ji.

Kawun Faifai:
Na nemo na saurara, da babbar sifika ba da waya ba. Gani ya kori ji, yaron nan yana da hannu. Makaɗin gangar ma ya fi ba ni mamaki, yadda yake ƙara sauri ba ya watsewa. Amma ga tambayata: wannan nasa ne, ko Hendrix ne ya sa rawani? Domin na ji wurare da dama da na san daga ina suka fito.

'Yar Damagaram:
Kawu, a nan kam ba zan yi shiru ba. Wanda ya sa Mdou ya fara sha'awar jita shi ne Abdallah Oumbadougou, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 2020. Shi ya gani yana kaɗawa, ya koma gida ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke, iyayensa kuma ba sa so. Sauraron Turawa daga baya ya zo, kuma shi kansa ba ya ɓoye cewa ya ƙaru da Eddie Van Halen.

Asalin abin ya girme shi nesa. Tinariwen sun fara haɗuwa ne wajen 1979 a Tamanrasset, kudancin Aljeriya, cikin samarin Abzinawa da fari da rikici suka kora daga Mali da Nijar. Ibrahim Ag Alhabib, jagoransu, yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen Kidal na 1963. Daga baya suka shiga sansanonin horo na Libiya. Shekara da shekaru ba su da situdiyo, duk wanda ya kawo kaset mara komai sai su zauna su kaɗa masa a rikoda, ya tafi da shi, wani ya kwafa daga nasa. A lokacin tawayen 1990 samun wannan kaset a jakarka kan iya jawo maka fitina da hukuma. Albam ɗinsu na farko da duniya ta ji, The Radio Tisdas Sessions, sai 2001 ya fito, bayan sun shafe shekara ashirin suna kiɗa.

In kuma ka kasa kunne ƙarƙashin jitar, tande za ka ji. Turmi ne ake rufe bakinsa da fatar akuya, a riƙa jiƙa ta, mata su kewaye shi suna tafi, ɗaya na bayarwa saura na amsawa. Tafiyar kiɗan daga nan take, da kuma takamba ta wajen Gao. Tande ne tuwon, abin da suka ɗauko wajen Hendrix yaji ne kawai aka barbaɗa. Ka nemi Les Filles de Illighadad ka ji. Fatou Seidi Ghali a ɓoye ta koyi jita da ta yayanta. A Eghass Malan na 2017 sun haɗa jita da tande da ƙwarya da aka kife cikin ruwa. Duk wadda ta taso tana jin kiɗan ƙwaryar Barmani Choge ba za ta ji baƙunta ba.

Ni dai in za a ba ni albam ɗaya in ajiye kusa da naka, ba na Mdou zan ɗauka ba. Aman Iman na Tinariwen, 2007. Ba ya ihu, ba ya gaggawa, kuma ba ka iya cire waƙa ɗaya daga ciki.

Ɗan Abzin:
Yaya, Aman Iman ba shi da na biyu, amma Kawu rok ya tambaya. Tinariwen dattawa ne, kiɗan zama da shayi suke yi. Wanda zai sa ka miƙe tsaye shi nake nufi.

'Yar Damagaram:
Ƙanena, a shekarar da ya fito su suka buɗe wa Rolling Stones fage a Ayalan. Robert Plant, mawaƙin Led Zeppelin, wanda Kawu ke ji da shi, da ƙafarsa ya je bikin hamada na Essakane kusa da Timbuktu a 2003. Su ba su tsaya tambayar ko rok ne ba. Albam ɗin Tinariwen mai suna Tassili kuma ya ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a 2012.

Injiniya Fagge:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa, akwai abin da ba wanda ya taɓo kuma shi ya fi damuna. Albam ɗin Mdou na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. A situdiyo irin namu, da fiyano da gangar kwamfuta da otatun a murya, sak salon waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Ba a ma fitar da shi a kasuwa yadda aka saba ba, ta bulutut da memori ya bazu daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga waƙoƙin ya sa a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, sannan ya shiga neman mai ita.

Wato mutumin da ake yi wa tafi yanzu a Turai da Amurka ta hannun irinmu ya bi. Ya ɗauki abin da zai ɗauka ya koma ga jitarsa. Mu kuma muna nan inda ya bar mu.

Ba don ba mu da kunne ba ne, lissafi ne. Furodusa ya zo yana son waƙa shida ta fim kafin ƙarshen mako. In na ce a kawo mai ganga, mai bes, mai jita biyu, kowa sai an biya shi, sai sun yi atisaye tare, sai na sami ɗaki mai faɗi da makirfo akalla shida, sai wuta ta tsaya. Da fiyanon Yamaha ɗaya kuwa yaro guda zai zauna ya danna ganga, ya danna sarewa, ya danna goge, kafin la'asar an gama. Wa zai zaɓi hanya mai tsada? Haka aka wayi gari yaran da ke shigowa wajena ba wanda ya taɓa riƙe abu mai tsirkiya.

Kawun Faifai:
Injiniya, ka taɓo mini inda yake ciwo. Ƙasar nan ta yi rok, kuma ta yi shi da kyau. Bayan yaƙin basasa samari suka cika Legas da garuruwan gabas da jita. BLO mutum uku ne, Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, Chapter One nasu ya fito a 1973. Ofege 'yan makarantar sakandare ne a St. Gregory's ta Obalende lokacin da suka yi Try and Love, kuma har nan Kaduna ana jin su a gidajen ma'aikata. Ga The Funkees daga gabas. Ginger Baker, makaɗin gangunan Cream, ya ratsa Sahara da mota ya zo Legas, ya yi faifai da Fela a 1971, ya kafa situdiyo a Ikeja. A 1973 Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar The Beatles, ya zo situdiyon EMI na Legas ya ɗauki mafi yawan Band on the Run. 'Yan fashi suka tare shi da wuƙa suka ƙwace kasakasan gwajinsa, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kira shi ya kunna masa abin da suke yi.

Duk wannan ina yake? Disko ya shigo, tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, masu kwafar kaset suka cinye ribar kamfanoni, kayan kiɗa suka gagari talaka. Yau in kana son faifan Ofege na asali, a hannun masu tarawa na Turai za ka same shi, da kuɗin da ba za ka iya ba. Shi ya sa nake tsoron wannan na Agadas. Su waye ke buga faifan Mdou? Kamfanin Matador na Amurka. Su waye ke saye? In Turawa suka gaji suka juya, me zai faru?

Ɗan Abzin:
Bambancin shi ne, Kawu, namu ba faifai ke riƙe da shi ba, biki ke riƙe da shi. Etran de L'Aïr 'yan gida ɗaya ne, tun 1995 suke kaɗa bukukuwan Agadas, galibi ma na masu ƙaramin ƙarfi. Sun haura shekara ashirin kafin albam ɗinsu na farko ya fita waje a 2018, kuma a fili aka ɗauke shi, kana jin guɗar mata da hayaniyar yara a ciki. In Turawa sun juya gobe, aure ba zai daina ba.

'Yar Damagaram:
Amma tsoron Kawu yana da tushe ta wani gefen. Ku ɗauki Bombino. Agadez na 2011 ku saurara, sannan ku sa Nomad na 2013 da Dan Auerbach na The Black Keys ya shirya a Nashville. Nomad ne ya buɗe masa duniya, ban musa ba. Sai dai an cika shi da kaya, an ƙara fiyano da wasu kayan kiɗan can, an kumbura sautin har jitarsa ta rasa wurin numfashi. Mutumin da ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso bayan rikicin 2007, lokacin da aka hana kiɗan jita aka kuma kashe abokan kiɗansa biyu, ba ya buƙatar ado kafin a ji shi. Deran na 2018 da aka ɗauka a Kasabalanka ya fi kama da shi, kuma da shi ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar Grammy.

Ɗan Abzin:
Ni Nomad nake so, Yaya, kuma matasan nan shi suke sawa a mota. Bombino da kansa ya ce da bidiyon Hendrix da Mark Knopfler ya koyi abubuwa da yawa. Ba wanda ya ɗaure shi ya kai shi Nashville. Me ya sa in Bature ya ɗauki namu a ce ya ƙware, in namu ya ɗauki nasu a ce an ɓata shi?

'Yar Damagaram:
Ban ce an ɓata shi ba. Na ce a wancan albam kunnen mai shiryawa ya rinjayi nasa.

Baƙon Kumasi:
Knopfler ɗin Dire Straits? Ashe shi ya sa. Mahaifina yana da kaset ɗin Brothers in Arms na 1985, da yatsu yake kaɗawa ba da ɗan roban nan ba, sautin na fita tas. Da na ji Bombino sai na ji kamar na san muryar jitar. To akwai masu yin irin wannan da Hausa kuwa?

Ɗan Abzin:
Akwai. Tal National ta Yamai. Suna waƙa da Zabarmanci da Hausa da Tamashek da Fulatanci, don 'yan ƙungiyar daga ko'ina suke. Jagoransu Almeida alƙali ne da rana, mai jita da dare. Kaani na 2013 za ka fara da shi, sannan Tantabara na 2018, amma ka shirya, sauri gare su, ga kalangu a ciki yana magana da jita. A Yamai sukan kaɗa awa biyar a dare ɗaya.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni uwa ce kuma ɗana ya fara jin irin waɗannan. Abin da ke damuna rayuwar masu yin sa. Hendrix yana da shekara 27 ya mutu a 1970, Kurt Cobain na Nirvana ma 27 a 1994, Bonham giya ce ta kashe shi. Kawu, kai da ka san su, me suke faɗa a waƙoƙin da har za a zauna a saurara daga farko zuwa ƙarshe?

Kawun Faifai:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take, kuma ba zan wanke su ba. Da yawansu sun hallaka kansu da ƙwaya da giya, wasu waƙoƙin kuma ba zan kunna su gaban jikokina ba. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. The Dark Side of the Moon magana yake kan yadda lokaci ke gudu, da son kuɗi, da yaƙi, da taɓin hankali, da mutuwa. Sun yi shi ne suna tuna abokinsu Syd Barrett da hankalinsa ya gushe. Ki zauna da yaron ki tambaye shi wa yake ji, ki sa ya fassara miki. Nan za ki gane wanda za ki bari da wanda za ki hana.

'Yar Damagaram:
Hajiya, na wajenmu kuma ki ba shi ba tare da fargaba ba. Kewar gida suke waƙa, da fari, da ruwa, da haɗin kai. Funeral for Justice na Mdou da ya fito a 2024 kusan duk siyasa ne: yana tuhumar Faransa, yana tuhumar shugabannin Afirka, yana roƙon Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu. Mu da aka haƙi yuraniyom a Arlit tun farkon shekarun 1970 muna kwana cikin duhu mun san abin da yake nufi. Sun gama ɗaukarsa kafin juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya same su suna Amurka aka rufe iyakoki suka kasa dawowa. A wannan zaman jiran suka sake ɗaukar waƙoƙin da jita ta katako, shi ne Tears of Injustice na 2025. Kawu, ga gwajin da ka ce a yi wa Linkin Park, su sun yi wa kansu.

Kawun Faifai:
Na ji duka biyun, na kuma ji Aman Iman sau da dama cikin kwanakin nan. Ga hukuncina, kowa ya riƙe nasa. Aman Iman zai zauna kusa da Pink Floyd a kantata, 'yata, kin cika alkawari. Afrique Victime ma ya shiga. Funeral for Justice ya yi mini ƙara da yawa, ana ta dukan kunne ba a ba shi hutu, na katakon ya fi shiga raina. Game da Ingila da Amurka kuwa ina nan kan bakata, ban ji sabon da ya kama ƙafar na da ba.

Injiniya, kai nake jira. Garba Supa da kukumarsa, Haruna Uji da gurminsa, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, waɗannan duk masu hannu ne. Abzinawa sun ɗauki kiɗan iyayensu mata sun sa masa wuta. Me zai hana a jona kukuma da amsa-kuwwa, a sa mata ganguna na gaske a baya?

Injiniya Fagge:
Kawu, jona ta ba wuya. Akwai ɗan makirfo da ake mannawa a jikin ƙoƙon, shi ke hana ta yin kuwwa in an ƙara sauti, ina da guda biyu. Mai ganga ma zan samu cikin masu kaɗa wa coci a Sabon Gari, su ne suka riƙe wannan hannun a Kano. Wuyar ita ce mai kukumar. Waɗanda na sani sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun koma fiyano ko sun bar kiɗa gaba ɗaya. Ina buƙatar matashi da ya iya, wanda zai yarda ya yi wata guda yana atisaye da mutanen da bai saba da su ba, kuma ba kuɗi a farko. Ɗakin da wutar ni zan ɗauka. Ɗan Abzin, in akwai mai jita cikin mutanenka da ke saukowa Kano sayen kaya, ka haɗa mu, ina so ya zauna da mu ko na yini biyu ne ya nuna wa mai gangar yadda ake ƙara saurin nan.

Ɗan Abzin:
Akwai wanda ke zuwa Kantin Kwari sayen yadi bayan kowace salla, jita ta biyu yake kaɗawa. Zan yi masa magana. Amma ka tanadi tsirkiyoyi masu laushi, irin na kasuwarku kauri gare su, ba ya son su.